Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malaman injiniya na jami'o'in Kano, daga wani mai walda a Dakata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku shugabannin tsangayoyin injiniya da malaman da ke tare da ku, ranku ya daɗe. Ina gaishe ku da aiki, ina kuma gaishe ku da haƙuri da 'ya'yanmu.

Ni mai walda ne. Rumfata tana Dakata, kuma shekarata 26 ina ƙera injuna: na casar masara, na ɓarar gyaɗa, na niƙan gari, na markaɗe. Mahaifina maƙeri ne, a gindin zugazugi na yi wayo, bokona bai wuce aji uku na sakandare ba. Wannan takardar ma ni nake faɗa, ɗana yana bugawa a waya. Idan kun ga magana ta fito ba ado, ku yi mini uzuri, hannun da ya saba da guduma ba ya iya lallashi.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, watan jiya ne na raka wani ɗalibi makarantarsu, wadda ba zan kira sunanta ba, domin mu sauke injin da zai kare a gaban malamansa. Da muka zagaya bayan ɗakin aikinsu sai na tarar da wata maƙabarta ta injuna. Wasu ciyawa ta fito ta cikinsu, wasu ƙadangaru sun mayar da su gida, rana da ruwan sama sun cinye fentin. Na tsaya ina dubawa, sai na gane uku daga ciki. Ni na yi su. Kowane mai walda ya san ɗinkinsa kamar yadda tela ya san nasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da yawa daga cikin ayyukan kammala karatu da kuke ba wa maki, a rumfuna irin tawa ake haɗa su. Yaro ya zo da zane a takarda, mu yi ciniki, in gyara masa abin da na ga ba zai yi aiki ba, ya biya, ya ɗauka a a-kori-kura. Ni ma da hannuna a ciki, ban zo nan don in wanke kaina ba.

Tsatsar ba ita ta fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ƙirga injin ɓarar gyaɗa har guda biyar a wajen, kusan duk fasali ɗaya, shekaru daban-daban. Malamai, injin ɓarar gyaɗa ba ya buƙatar a sake ƙirƙiro shi. Tun ina yaro ake yin sa a garin nan. Tambayar da ba mu da amsarta ita ce me ya sa namu yake mutuwa bayan kaka biyu, kuma me ya sa idan na ƙera guda goma ba a samun biyu da suka zo daidai da juna.

Bari in zauna a kan wannan, domin nan ne gizo yake saƙar. Ku ɗauki boris mai lamba 6205, wanda kowane yaron shago ya sani. Ramin cikinsa milimita 25 ne, ko a ina aka yi shi a duniya. Sandar ƙarfen da za ta shiga cikinsa dole ta zo daidai, bambancin da aka yarda da shi bai kai kaurin silin gashi ba. Idan ta yi sako-sako, tana juyawa tana cin kanta. Idan ta matse, sai yaro ya sa guduma, ya kashe boris ɗin tun bai fara aiki ba. Mu kuwa da me muke awo? Tef da ido, sai ɗan ma'aunin kauri da ya tsufa. Mai injin sassaƙar ƙarfe da nake kai wa aiki gwani ne, amma injinsa ya girme shi, ya lalace ta yadda shi kaɗai ya san yadda yake lallaɓa shi. Huda kuma, alli muke sawa mu yi alama. Ta injin yau ta faɗa nan, ta injin gobe ta goce da milimita uku.

Wanda yake biyan kuɗin wannan gocewar shi ne manomi. Mutumin Gezawa ko Ɓagwai ya sayi injina, ana tsakiyar kaka wani abu ya karye. Ba zai iya aiko yaro da lamba a ba shi madadi ba, domin abin da ya karye ɗin ba shi da ɗan'uwa a duniya. Sai ya kwance injin gaba ɗaya, ya yi hayar mota, ya kawo mini Dakata, ya kwana biyu, masararsa tana jibge a gona. Maƙwabcinsa da ya sayi ɗan Chana kuwa, shago zai shiga ya faɗi lamba, a miƙo masa. Mutane suna cewa 'yan ƙasar nan ba sa son kayan gida. Ni da nake sayarwa na san ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne, kuma lissafinsu daidai ne.

To ga aikin bincike a fili. Cikakken zane na injin guda ɗaya, kowane sashe da awonsa da iyakar kuskuren da zai iya ɗauka. Sannan madaurin ƙarfe da za a riƙa ɗora aiki a kai, yadda kowace huda za ta faɗa wuri ɗaya ko da sabon yaro ne ya riƙe injin hudar. Da ɗan ma'auni mai sauƙi wanda idan sanda ta shiga wannan baki ta ƙi shiga wancan, an san ta yi. Na san a littattafanku waɗannan tsofaffin abubuwa ne, ba za su sa a tafa wa mutum a taron ƙasa da ƙasa ba. Amma a layinmu babu su, kuma rashinsu ne ya sa har yau muke ƙira ɗai-ɗai kamar masu sassaƙa turmi.

Sai maganar ƙarfen kansa. Yawancin abin da muke aiki da shi daga 'yan gwangwan yake zuwa, ko mu shiga Kofar Ruwa mu zaɓa. Ba ya zuwa da takarda. Idan ina son in san irinsa, sai in ɗora shi a dutsen wasa in kalli tartsatsin: wanda ya fito dogo ba rassa ƙarfe ne mai laushi, wanda ya tarwatse kamar furen dawa mai tauri ne. Haƙoran injin niƙa da sifirin mota muke yanka su, mu gasa, mu tsoma a baƙin mai. Mahaifina ba ya gasa ƙarfe a cikin rana, sai a inuwa, don ya ga launinsa sosai, kuma shi ya koya mini cewa bayan an tsoma sai an sake ɗumama shi kaɗan, in ba haka ba zai fashe kamar tangaran. Wani ɗalibi da ya yi horo a wajena ya gaya mini cewa jan da nake jira ɗin nan zafinsa ya haura digiri 800, kuma kowane irin ƙarfe da nasa adadin. Na ji daɗin sanin haka, amma ba ni da abin aunawa. Wani zubin haƙora su yi wata shida, wani zubin sati uku, ni da na yi su ban san dalili ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Farantan ƙarfen nan biyu da ke cikin injin markaɗe, waɗanda ake zubawa da narkakken tarkace, suna cinyewa, a wasa su, su sake cinyewa, har a jefar. Ina ƙarfen da ya cinye yake tafiya? Cikin markaɗen kayan miya da ƙullun koko da na ƙosai. Wanda yake shakka ya sa mayen ƙarfe a cikin garin da aka niƙa da sabon faranti ya gani. Haka tukwanen dalma da ake zubawa da tarkacen injin mota da gwangwanaye, waɗanda ake dafa abincin biki da na makarantun kwana a ciki, wa ya auna abin da ke cikinsu? Masu zubin ba mugaye ba ne, abokaina ne, a tukwanen suke cin abinci su da 'ya'yansu. Abin da za a haɗa da wanda za a ware ne ba wanda ya taɓa nuna musu. Ku kuna da injin gwada taurin ƙarfe, kuna da madubin da ke nuna cikinsa, kuna da abokan aiki a sashen sinadarai. Wannan tambayar ta fi ƙarfin rumfa, taku ce.

Ga ƙaramin misali na wuta. Motar lantarki da muka fi ɗaurawa tana juyi wajen 1,440 a minti, injin niƙa mai haƙora kuma yana son kusan ninkin haka, don haka da girman fuli muke daidaitawa, mu ma da kintace. Saboda tsoron kada injin ya sare, sai mu ɗaura mota mai ƙarfin da ya wuce buƙata. A da ba wanda ya damu. Amma tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane ma'auni, ga kuma tsadar man gas ga masu janareto, wannan kintacen namu shi yake cinye ribar mai niƙa. Ɗalibi ɗaya da mita a hannu, ya zagaya injuna 30 a Dakata da Sharaɗa ya auna wutar da kowanne yake sha a kan buhu guda, zai fito da abin da masu injin za su yi rububinsa.

Kada ku ɗauka ban san halin da kuke ciki ba. Wani matashin malami da yake kawo mini gyaran ƙofa ya taɓa warware mini: ƙarin girma a wajenku da yawan maƙalun da aka buga a mujallu ake samunsa, ba da yawan injunan da ke aiki a ƙauye ba. Wanda ya ɓata shekara biyu yana bin masu walda, sa'o'insa za su wuce shi. Na san ɗakunan gwajinku ma suna fama da rashin wuta kamar rumfata. Na san a 2022 wata takwas jami'o'in tarayya suna rufe saboda yajin aiki, ɗan ƙanena yana cikin waɗanda suka zauna a gida. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku ne kuke zama a majalisun da ake rubuta sharuɗɗan ƙarin girman nan, ba daga sama aka saukar da su ba. Kuma kuɗin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, daga ribar kamfanoni ake ciro shi; harajin ilimin ma ya tashi daga kashi 2 cikin 100 ya kai kashi 3 a 2023. Kuɗin masana'antu ne. Ba laifi ba ne idan wani yanki nasa ya dawo ya amsa tambayar masu ƙira.

Garin nan da ƙarfe aka san asalinsa. Tun muna yara ake ba mu labarin maƙeran da suka taso daga Gaya suna neman tama, suka same ta a Dala suka zauna. Da zamani ya juya, jirgin ƙasa ya iso, aka yi dalar gyaɗa, aka buɗe Bompai, sannan Sharaɗa da Challawa, masaƙu da majemu da kamfanonin mai da na alewa da na roba. Amma kusan duk injunan da ke cikinsu daga waje aka kawo su. Da darajar naira ta fara zubewa bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, kayan gyara suka gagara, wuta ta yi ƙaranci, sai ga manyan gine-gine sun koma rumbunan ajiyar kayan da aka shigo da su. Mun iya tuƙa injin, ba mu iya haifar da shi ba. Yanzu tarihi ya sake zagayowa ta wata fuskar. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, mutanen da a da ko kallon rumfata ba sa yi, masu kamfanin shinkafa da masu roba, su ne suke zuwa da karyayyen giya a leda suna tambaya ko za a iya yin irinsa. Wani lokaci mu iya. Sau da yawa mu yi, ya yi sati biyu ya sake karyewa, domin mun kwaikwayi siffarsa ba mu san irin ƙarfensa da yadda aka gasa shi ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, malamai. Idan muka kunyata waɗannan mutanen sau uku, ba za su dawo ba ko dala ta kai nawa.

Abin da nake roƙo ba sabon abu ba ne, an yi shi a Kumasi, garin da kakanninmu fataken goro suka sani kamar tafin hannunsu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta can ta buɗe wata cibiya a 1972 don ba wa masu ƙananan sana'o'i shawara. Da suka ga masu sana'ar ba sa shigowa jami'a, sai a 1980 suka ɗauki injunansu da ma'aikatansu suka kafa reshe a tsakiyar Suame, babbar unguwar makanikai da maƙera. A nan masu sana'a suka ga injunan sassaƙa na zamani da yadda ake zubin baƙin ƙarfe, suka koya, suka buɗe nasu. Jami'ar ce ta tashi ta je.

Mu a nan ba gidajen ilimi muka rasa ba. Ga Jami'ar Bayero a titin Gwarzo, ga ta kimiyya da fasaha a Wudil da aka kafa a 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga Kwalejin Fasaha ta jiha, ga cibiyar injunan haidirolik a Kumbotso, ta NASENI, hukumar tarayya mai bunƙasa kimiyya da injiniya. Duk cikinsu babu inda adaidaita sahu ko motar haya ba za ta kai mutum ba kafin azahar. Mu ma da namu laifin, ba ma zuwa. Mutum da baƙin mai a riga, idan ya tuna mai gadi zai tambaye shi takarda, ofis kuma za a yi masa Turanci, sai ya fasa. Kuma muna da mugun halin ɓoyon sani. Na san tsofaffin da suka tafi kabari da dabarun da ko 'ya'yansu ba su nuna wa ba, don gudun kada maƙwabci ya ƙwace kasuwa. Wani ɓangare na tsoron yana da dalili: idan malami ya zo ya ga dabarar mutum, ya rubuta ta da Turanci da sunansa shi kaɗai, wa zai sake buɗe masa ƙofa? Idan kun zo, ku rubuta sunan rumfar da kuka koya a ciki.

Na tuna a 2007 da wani ɗalibi a garin nan ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda da tarkacen motoci, har kafofin labaran duniya suka ɗauka. Na yi alfahari da yaron, har yau ina yi. Sai dai na lura mu mutane ne masu son abin kallo. Jirgi da motar da ɗalibi ya ƙera su ne suke kawo 'yan jarida da manyan baƙi. Ba wanda zai yanke ƙyalle saboda an gano yadda haƙorin injin niƙa zai ƙara wata huɗu. Amma a kasuwar hatsi ta Dawanau kaɗai ku ƙiyasta buhunan hatsin da ke ratsa injuna irin namu a shekara.

Don haka kafin ku raba wa ɗaliban aji biyar batutuwan bana, ku turo malami ɗaya ya yini a layinmu da littafi, ya tambayi kowane mai rumfa abin da ya fi dawo masa daga hannun masu saye. Zai koma da batutuwan shekara goma. Kuma maimakon kowane ɗalibi ya fara sabon injin daga tushe, a ɗauki guda ɗaya a riƙa gadonsa: na bana ya zana, a kai shi gona ya yi kaka guda, na baɗi ya kwance shi ya ga abin da ya cinye, na bayansa ya gyara. Makin ya dogara da abin da injin ya yi a hannun manomi, ba yadda ya yi ƙara na minti biyar a gaban masu jarrabawa ba. Sakamakon kuma kada ya tsaya a kundin nan mai baƙin bango. Shafi huɗu da Hausa, da zane manya-manya da awo, a tura mana ta WhatsApp, ya wadatar. A cikin zanen kada a manta da murfin bel da tsawon bakin da ake zuba masara. Yaran da na sani da suka bar yatsunsu a cikin injin casa sun fi ƙarfin yatsun hannuna ɗaya, kuma wasu injunan ni na ƙera su ba murfi, saboda mai saye ya ce a rage masa kuɗi.

Ɗakin gwajin ƙarfe kuma, ku ware mana rana ɗaya a wata, da farashi a rubuce a ƙofa da wanda zai karɓe mu da Hausa. Ba kyauta muke nema ba. Wanda yake asarar aikin dubu ɗari uku saboda ƙarfe ya yaudare shi ba zai ƙi biyan kuɗin gwaji ba. Takardar gwajin ma za ta buɗe mana wata ƙofar. A Fabrairun 2018 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a umarnin zartarwa mai lamba 5, wanda ya ce hukumomin gwamnati su fifita masana da kamfanonin gida a ayyukan kimiyya da injiniya. Amma jami'in da zai sayi injin casa 200 don raba wa manoma zai nemi shaidar inganci ta SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, zai nemi tabbacin 200 ɗin iri ɗaya ne. Mu a yau ba mu da ko ɗaya.

Ɗalibanku na horon wata shida da suke yi a aji huɗu, ku ci gaba da turo su, amma ku riƙa biyo sawunsu. Wasu sai ranar sa hannu a littafi nake ganinsu. Wasu kuwa, Allah ya yi musu albarka. Akwai wata yarinya da ta zo shekara biyu da suka wuce, yaran shago suna ta dariya wai mace da walda. Ita ce ta zauna da kwamfutarta ta zana mini injin casar masarata tun daga ƙafa har baki, karo na farko a rayuwata da na ga aikina a takarda. Ta nuna mini cewa ƙarfen da nake sawa a ƙafafu ya yi kauri ba dalili, wanda nake sawa a gindin boris kuma ya yi siriri. Na rage can na ƙara nan, injin ya yi sauƙin kuɗi ya kuma daina tsagewa a wajen da ya saba. Ni kuma na nuna mata cewa wani noti da ta sa a zanenta babu sifanar da za ta iya kaiwa gare shi idan an haɗa injin. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Tun daga lokacin na fara wani abu da ita ta ba ni shawararsa. Duk haƙori ko boris ko faranti da ya mutu aka dawo mini da shi, sai in ɗaura masa 'yar takarda: watan da na sa shi, watan da ya mutu, abin da yake niƙawa, da inda na sayi ƙarfen. Yanzu buhu ɗaya ya cika, na fara na biyu. Ban san yadda ake karanta abin da ke cikinsu ba, amma na san akwai magana a ciki. Suna nan a kusurwar rumfa, bayan tukunyar gas. Ranar Asabar da hantsi aiki yana da sauƙi, kuma akwai mai shayi a bakin layi. Wanda zai zo ya sa tsohuwar riga.

Wassalam.

Naku,
Mai walda, Dakata, Kano.